Hannunki Ba Lalle, Liyatu

Umdurman, ranar Alhamis da la'asar

Zuwa ga Liyatu, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Khartum, ruwan randa bayan doguwar tafiya. Zuwa ga 'yar Malumfashi mai taushin murya, wadda in ta kira sunana sai in ji kamar yau aka raɗa mini shi. Zuwa ga mai murmushin da ya sha sa ni wuce kwanar gidanmu ban sani ba. Zuwa ga abar ƙaunata, muradin raina, matar Malam Ashafa.

Kin ga na iya rubuta shi. Hannuna bai karye ba, biron ma bai tsaya ba. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran gidan nan duka. Ke kika koya mini rubuta Hausa da boko, ni da na tashi ina jin ta a bakin tsofaffi kawai, a makaranta kuwa Larabci aka ɗura mana. Kina zaune a kujerar gaba ta tasina, muna jiran a fito da yaro daga wurin likita, kina zana mini haruffa a bayan kwalin magani, kina dariyar yadda nake fara layi daga dama. Na yi ta gyara wannan hannu ne don wasiƙar da zan aika wa iyayenki. Ga inda ya ƙare.

Jibi Asabar jirginku zai tashi, ni ne kuma zan kai ku, tunda Sit Ni'mat shugabar gidan yaran da kike yi wa aiki ba ta yarda da wani direba ba sai ni. Zan kai ku a kan lokaci. Amma kafin nan akwai abu guda da nake roƙo, ba kuwa don kaina ba. Gogo ba ta sani ba. Ƙanwar mahaifina da ta rene ni tun ina cikin tsumma, wadda kike durƙusawa har ƙasa ki gaisar, har yanzu tana zaune a ɗakinta tana girgiza kwalaben humrar da ta haɗa da sunanki. A saninta za ki je gida ne ki gaya wa manya, ki dawo amarya. Ki daure ki karanta har ƙarshe, ko da rubutun ɗalibin naki ya karkace.

Kin tuna ranar farko? Na shigo gidan yaran, can kudu kusa da unguwar Mayo, an kira ni in kai wata yarinya mai zazzaɓi asibiti. Gida ne da na saba jin Larabcin Kudu a cikinsa, da yaren Dinka, da na mutanen duwatsun Nuba, da ƙararrawar addu'arku ta safe. Sai na ji wata a bakin famfo tana wanke wa yaro kai, tana rarrashinsa da Hausa. Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce miki sannu da aiki, sabulu ya suɓuce daga hannunki, kika ce, “Kai, Bahaushe a nan?” Na ce kakannina daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa za su Makka, aikin auduga ya tsare su a Jazira, jikokinsu muka gangaro Umdurman. Kika yi ta dariyar Hausata, wai tuwo ne na gida amma da miyar maƙwabta. Ban ji haushi ba. Da na san dariyar nan ce za ta zama abincina, da na ƙara kwaɓa maganar don ki ƙara yi.

Ba kyanki ne ya fara kama ni ba, ko da yake Allah ya ba ki, kin kuma sani. Aikinki ne. Cocinku ya aiko ki shekara guda, ba albashi, ba ɗan'uwa, ba ki jin Larabci ko na sayen burodi. Na ga kin zaunar da yaran da yaƙi ya raba da iyayensu kina tsefe musu kai, kina cire kwarkwata da farcenki ba ƙyama. Na ga kin wanke shimfiɗar mai fitsarin kwance tun kafin sauran su tashi, don kada a yi masa waƙa. Na ga an dawo da ke daga asibiti ido ya yi ja, zaninki duk amai, kina tambayar ko ƙananan sun sha madara. Sai na ce wa zuciyata, macen da ta baro ƙasarta saboda ɗan da ba ta haifa ba, ina za ta sami zuciyar cutar babba? Haka na yi lissafina, ni mai wayo.

Sannan aka zo ranakun hutunki. Sit Ni'mat ta ce, “Ya Zailani, baƙuwarmu ba ta san komai ba sai bangon gidan nan, ka fita da ita ta ga gari.” Wayyo, Liyatu! Wane lungu ne ban kai ki ba? Na kai ki kasuwar Umdurman kika ɓace a layin masu kayan yaji, na same ki kina atishawa kina ciniki da yatsu. Na kai ki Murada kika ci soyayyen kifi da barkono har hawaye, kika ce ba kuka kike ba. Na kai ki kasuwar raƙuma, wani ya huro miki hanci kika ruga kika ɓuya a bayana, ni kuwa na yi wa raƙumin nan addu'ar alheri. Na kai ki hubbaren Hamadun Nil ranar Juma'a da yamma, masu zikiri cikin kore da ja suna juyawa, turaren wuta yana tashi, kika tsaya a gefe kin rufe kai, kika ce kowa da yadda yake kiran Ubangijinsa. A Mugran ma, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, na faɗa miki abin da kowane direba yake faɗa wa kowane baƙo, cewa ruwa biyu ne daga ƙasa biyu suka zama ɗaya. Ni dai a bakina ran nan ba zancen kogi ba ne, kin kuma gane, don kin sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafinki.

Daga nan na kai ki gidanmu. Kin shiga da sallama, kin cire takalmi, kin durƙusa. Gogo ta riƙe hannunki biyu tana juya su, kina tsammanin gaisuwa ce ta tsofaffi. Karatu take yi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a Umdurman labarin mace a tambayi hannu. A nan matar aure ba ta fita da farin yatsa, sai in takaba take ko rai ya ɓaci a gidanta. Baƙin lalle a kan yatsu da tafin ƙafa shi ne shaidarta, mai shayi ya gani ya kama bakinsa, yaron mota ya gani ya ce mata Hajja. Budurwa kuwa ba ta taɓa shi. Gogo ta duba naki, fari fat, ba lalle, ba zobe, ba ƙamshin hayaƙin matan aure a jikinki. Bayan na mai da ke na dawo, ta ce, “Ya waladi, ɗana, yarinyar nan ba ta da kowa. In kana so ka yi sauri.”

Kin san abin da ta ɗauka a kanta saboda ke? Unguwarmu ba ta da girma, bakinta ne mai girma. Sittana maƙwabciyarmu, mai 'ya'ya mata uku a ɗaka, ta bi gida gida tana cewa Zailani ya rasa wadda zai kwaso sai Kirista, baƙuwar da ba a san asalinta ba. Gogo ta yafa laffayarta ta same su a gidan suna, ta ce a gaban kowa, “Ahlul kitabi ce, Allah ya halatta. Kuma 'yar gida ce, ta fi ku sanin inda muka fito. Wadda ta iya kaɗa miyar kuka irin tata ta tashi in gani.” Ba wadda ta tashi. Tun ranar da kika buɗe ƙullin daddawar da kika zo da ita daga Malumfashi, tsohuwar nan ta shinshina ta fashe da kuka ta ce ƙamshin ɗakin uwarta ne, tun ranar kika gama da ita. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ke ce ƙasar Hausar da ta gani.

Zan yi miki adalci, don so bai hana ni tunani ba, barci kawai ya hana ni. A ƙasarku yarinya da tsohuwa kowa na ƙunshi, wadda ba ta so kuma ta bari, ba mai karanta komai a ciki. Kin zo ba ki san al'adarmu ba, mu kuma muka dubi hannunki muka yanke hukunci, ba wanda ya buɗe baki ya tambaye ki. Rashin sani ya fi dare duhu, duhun kuwa ya rufe mu duka. Zoben ma na ba ki uzuri, na ce mai wanki da wankan yara daga safe zuwa yamma dole ta ajiye shi. Watannin farko na yafe su, ban ma ga abin yafewa ba.

Amma Tuti fa, Liyatu? Ranar da muka haye tsibirin a kwalekwale, muka zauna a gindin lemo, mai shayi ta kawo mana gahawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa? Ban yi miki kwana-kwana ba. Na ce ina so in aika manya gidanku, na ce ba zan taɓa raba ki da cocinki ba, ni zan riƙa kai ki ran Lahadi in jira a waje kamar yadda nake yi yanzu. Kika ajiye gahawar. Sannan kika ce, “Bari in gama aikin da ya kawo ni.” Kalma uku ta ishe ki ran nan, ina da miji, da na haɗiye ta na biya mai kwalekwale muka koma. Me ya riƙe harshenki? Tausayi ne? Wane irin tausayi ne yake barin makaho ya ci gaba da tafiya don kada a ɓata masa rai da zancen rami?

Sallah fa? Ƙanwata Barira ta kira mai lalle gida, matan aure suka miƙe ƙafa, kika zauna kina kallo kina sha'awa. Kika tambaya me ya sa Barira ba ta yi. Gogo da bakinta ta warware miki komai, wa ke yi, wa ba ta yi, da abin da farin yatsa yake nufi a garin nan. Mai lallen ta kama hannunki da wasa ta ce a zo a yi wa baƙuwa. Ina tsakar gida ina gyara buta, ina ji. Kika janye hannu, kika yi murmushi, kika ce, “Tukuna.” Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa, Gogo ta dube ni ta taga fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ni ma tukunan nan na ɗauke ta na sa a aljihun gaba, na yi ta yawo da ita a titunan Khartum ina yi wa fasinja ragi ba dalili.

Bayan wannan ne Gogo ta kira dakan turare. A al'adarmu dangin amarya ne ke taruwa su daka mata sandal da kanumfari da miski, su haɗa humrar da za ta shiga ɗaki da ita. Gogo ta ce, “Yarinyar nan ba ta da uwa a Sudan, to ni ce uwarta. Kai Zailani ka je ka nemi wadda za ta tsaya maka.” Kika zo, Liyatu. Kika karɓi taɓarya kika daka, mata na guɗa a kanki, kika ɗauki hotuna. Guɗa ai ba Larabci ba ce da za ki ce ba ki ji ba, a Malumfashi ma an san abin da take nufi. Ko a wurinki wannan ma yawon ganin gari ne, kamar kasuwar raƙuma?

Sai makon jiya Sit Ni'mat ta ce in je filin jirgi in ɗauko baƙon Liyatu daga Nijeriya. Ki yi dariya in kina so, ni ma na yi daga baya. Na zaci yayanki ne ko kawunki ya zo ganin inda za a ba da 'ya. Na wanke mota har ƙarƙashinta, na sa sabuwar jallabiya, na naɗa rawani. Da ya fito na rusuna masa gaisuwar suruki, na karɓe jakarsa. Mutum mai fara'a, mai sanyin magana. Ya riƙe hannuna ya ce, “Kai ne Zailani? Matata ta ce kai ne ɗan'uwan da Allah ya ba ta a Sudan.” Ban san yadda na tuƙa motar ba. Yana ta ba ni labari, wai kun daɗe da aure Allah bai kawo haihuwa ba, kina ta ramewa, shi ya sa ya bar ki ki zo ki rungumi 'ya'yan wasu ko zuciyarki ta yi sanyi. Ya ciro hula daga jaka ya ba ni tsaraba. Na so in tsane shi, wallahi na gwada, abin ya ƙi.

Har muka iso ƙofar gidan yaran ina nema miki mafita. Na ce wataƙila ba ki gane ba, wataƙila mu ne muka yi ta surutu da al'adar da ba ta shiga kunnenki ba. Sai kika fito, yara na riƙe da zaninki. Kika miƙa hannu za ki karɓi jakarsa. Baƙi wuluk, Liyatu, har kan yatsu. Ƙafafun ma haka, ga zobe yana walƙiya. Kin yi wa mijinki kwalliyar matan Umdurman tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Ashe kin koya. Ashe kin san al'adar sarai, kin kuma san ranar da za ki yi ta da wanda za ki yi wa. Ba ki dube ni ba, kika ce, “Sannu Malam Zailani, an gode.”

Kwanakin da suka biyo aka ce in zaga da ku ya ga gari. Kun zauna a baya. Na kai ku Murada, kika gargaɗe shi da barkonon. Na kai ku kasuwar raƙuma. A Mugran ina jingine da mota na ji kina gaya masa ruwa biyu ne daga ƙasa biyu suka zama ɗaya, da irin muryata, har da inda nake tsayawa in ja numfashi. Ya ce kai, matata ta zama 'yar gari. Ya ba ni kyamara na ɗauke ku hoto. Hoton ya yi kyau, ina ji.

Ya ke wadda na so fiye da yadda ya kamata, me na kasance a wurinki? Inuwar da matafiyi ke hutawa ya tashi? An ce baƙo raɓa ne, na ji, amma raɓa ba ta ƙona ganye. Na san kaɗaici, na san abin da ake ji in an sami mai jin yarenka a ƙasar da ba ka da kowa. Da abokin hira kike so, da na zama, da ɗan'uwa kike so, da na zama har in mutu. Kika bar ni na zama abin da ba shi da suna. An ce matar mutum kabarinsa, ni ga ni tsaye a bakin na wani ina kuka. Na ji ciwo, Liyatu, kin ci amanata, kuma har yanzu in na ji ƙamshin sabulun gidan nan sai gabana ya faɗi. Son maso wani ƙoshin wahala, na ƙoshi har wuya.

Amma ni namiji ne, ina da mota, ina da titi, zan yi ta tuƙi har abin ya lafa. Gogo ba ta da inda za ta sai unguwar nan. Na zauna a gabanta sau da yawa zan faɗa mata, sai ta buɗe kwalba ta kai mini hanci ta ce, “Shinshina, ta nuna?” In ce ta nuna. Ko na faɗa ma ba za ta yarda ba, za ta ce saɓani muka yi, ta aika Barira ta ba ki haƙuri. Ga shi kuma lokaci ya ƙure, don matar da ta zo daga Mayo ta yi miki lallen nan 'yar'uwar Sittana ce. Labarin yana hanya. In bai iso yau ba zai iso a gidan biki, a gaban matan da ta tsaya ta ƙure saboda ke, kuma Sittana ba za ta faɗe shi a hankali ba.

Don haka ga roƙona. Gobe Juma'a, ranar da kika saba zuwa ki ci abincin rana da ita. Bayan an sauko daga masallaci zan tsaya a ƙofar gidan yaran, zan jira har kiran la'asar. Ki fito, ke kaɗai ko da shi, duk ɗaya ne a wurina. Kada ki goge lallen da lemon tsami, kada ki naɗe hannu a mayafi. Ba sai kin shirya magana ba, ba sai kin ce komai ba. Ki shiga ɗakinta, ki durƙusa yadda kika saba, ki miƙa mata hannu biyu. Gogo ba ta san boko ba, amma wannan karatun ba ta taɓa faɗuwa a cikinsa ba sai a kanki. Ki bari ta karanta daidai sau ɗaya, a ɗakinta, ƙofa a rufe, daga hannun 'yar da ta zaɓa. In ta yi kuka ki zauna har ta gama, kin iya zama da mai kuka, na gani. In kuma ta ba ki kwalaben ki karɓa. Da sunanki aka daka su, ba wadda za ta shafa su a gidanmu.

Ni kuwa ba zan bi ki da wasiƙa ba bayan wannan, ba zan nemi lambarki ba, ba zan taɓa faɗa wa Malam Ashafa abin da zai hana shi barci ba. Zan ci gaba da kai yaranki asibiti, in sun tambaye ni ina kike in ce kina gaishe su. Kujerar gaba kuma ba na jin zan iya barin fasinja ya zauna a kanta nan kusa. Allah ya ba ki haihuwa, ya sanyaya miki abin da ya koro ki daga gida. In ya sake kai ki wata ƙasa, ki sa zobenki tun daga jirgi.

Naki, wanda ba ki nema ba kuma ba ki kora ba, wanda zai kasance a ƙofa gobe da injin a kunne,

Zailani